Wasiƙa zuwa ga Baffa, a kan sunan da likita ya rubuta a katin yaro

Jekadafari, Gombe.

Assalamu alaikum.

Baffa,

Bayan gaisuwa da fatan kuna lafiya, kai da mai jego da angona. Mu nan lafiya lau, sai gwiwar nan da ta saba tashi in hunturu ya shigo. Babanku yana gaishe ku.

Daren jiya da ka kira ni ban ba ka amsa yadda ya kamata ba, don na ji muryarka tana rawa, tawa ma ba ta tsaya ba. Ka ce likita ya rubuta wa yaro Dawun sindirom a kati, ka tambayi maganin cutar, ya ce maka ba cuta ba ce irin wadda kake nufi, ka fito kana ganin ko ya raina maka hankali ne ko bai san aikinsa ba. Ya san aikinsa sarai. Lokacin zama da kai ne ba shi da shi, ga layi a bayanka har bakin ƙofa. Ni kuwa tun da na ajiye farin kaya ba abin da nake da shi sai lokaci.

Bari in fara da laifina. Tun ranar suna na gani. Da aka miƙo min shi na ji jikinsa ya zube min a hannu laƙwas, ba irin ƙanƙamewar nan ta jarirai ba. Na buɗe tafin hannunsa, layi ɗaya ne ya ratsa daga gefe zuwa gefe. Na zare masa safa, sai ga tazara tsakanin babban yatsa da mai bi masa, kamar an bar wa igiyar silifa wuri. Na dubi idanun da suka ɗan ja sama, da harshen da ke yawan leƙowa. Na mayar masa da safarsa, na yi masa addu'a, na ja bakina na yi shiru, don gida cike yake da mata, kuma ba a yanke irin wannan magana da ido. Ka yafe min, ya kamata ko bayan taro in ja ka gefe in ce ku je a duba.

Ko wanne daga cikin abubuwan nan, in shi kaɗai ne, ba komai ba ne. Akwai kawunka da yake da layi ɗaya a tafin hannu, ga shi har yau yana lissafin buhunan masara ba ya kuskure. Haɗuwarsu a jiki ɗaya ita ce magana. Wannan haɗuwa likitoci ke kira sindirom. Kalmar daga Girkanci ta fito, ma'anarta abubuwan da ke gudu tare. Ni in ina koya wa ɗalibai nakan ce musu ayari ne: ka ga jakuna da kaya suna tafe tare kullum, ka san su, ka sa musu suna, amma ganinsu bai gaya maka wane ne madugu ba.

Cuta kuwa, a bakin mutanen asibiti, ita ce wadda aka kama madugunta. Ɗauki zazzaɓin cizon sauro da ya sha kwantar da kai kana ƙarami. An san ƙwayar da ke kawo shi tun 1880, lokacin da wani likitan sojan Faransa ya gan ta a jinin marar lafiya a Aljeriya. An san sauro ke ɗauko ta, ta fara sauka a hanta, ta shiga jini ta yi ta fasa jajayen ƙwayoyi. A ɗiga jini a gwada, a gan ta, a ba da magani, a rabu. Haka tarin fuka, tun 1882 aka san ƙwayarsa. Sanadi sananne, hanya sananniya, galibi kuma da makamin da za a tare ta. Kai da wannan tunanin ka shiga wurin likita, shi ya sa amsarsa ta yi maka ɗaci.

Ina tuna wani yaro da aka kawo mana ina sabuwar nas. Fuskarsa ta kumbura har idanu sun rufe, ƙafafu in ka danna yatsa sai rami ya zauna, fitsarinsa yana kumfa kamar an zuba sabulu. A lokacin dafa fitsari muke yi a 'yar kwalbar gwaji a kan fitila, nasa ya yi fari ya daskare kamar farin ƙwai. Likita ya ce sindirom ne na yoyon ƙoda. Uban ya yi murna an samo suna, ya ce to a ba da maganinsa. Likita ya ce sunan ya gaya mana ƙoda tana zubar da abin da ya kamata ta riƙe, saura mu san dalili, don abubuwa da yawa suna kawo haka, kuma kowanne da yadda ake bi da shi. Mu ma Hausawa muna da irin wannan. In an ce mutum yana da shawara, idonsa ne ya yi ɗorawa, amma na wani daga ciwon hanta ne, na wani sikila, na wani tsakuwa ce ta toshe hanyar matsarmama. Mai ba su jiƙo ɗaya su uku, suna ya yi wa magani.

Kada ka ɗauka katanga ce aka gina tsakanin kalmomin biyu. Likitocin ma da kansu sukan cakuɗa su. Ƙanjamau da aka fara lura da ita a Amurka a 1981 an sa mata sindirom ne don ba a san mai kawo ta ba, ciwon huhu da ciwon dajin fata da rama ake gani suna tafe tare. A 1983 aka gano ƙwayar a Faransa, amma sunan ya riga ya zauna. Na angona ma haka ne. Wani likitan Ingila mai suna Dawun ya bayyana kamannin a 1866, bai san dalili ba. Sai a 1959, a Faransa, aka gano shi. A cikin kowace ƙwayar halittar jikinmu akwai wasu ƙunshe-ƙunshe na gado da ake kira kuromosom, guda 46, rabi daga uwa rabi daga uba, an jera su biyu-biyu. Shi nasa 47 ne, na lamba 21 ya zo uku maimakon biyu. To ka ga a nan an san madugu, sai dai ba baƙo ba ne da ya shigo jiki balle a kore shi. Da shi aka gina yaron tun ranar farko, yana cikin gashinsa da farcensa.

Saboda haka ka riƙe kuɗinka. Ƙanwarka ta gaya min har ka sayo gora biyu wurin mai lasifikar nan da ya ce yana warkar da galahanga cikin mako uku. Ban ga laifinka ba, uba ne kai. Amma ka zubar, jariri ɗan wata biyu ba abin da zai shiga cikinsa sai nono. Addu'a kuwa mu yi ta yi, ba ta hana zuwa asibiti.

Inda za ka kashe kuɗin shi ne kan 'yan ayarin, ɗaya bayan ɗaya, don da yawansu suna da magani. Zuciya ce ta farko. Kusan rabin yaran da ake haifa da wannan suna zuwa da matsala a zuciya, wata ƙaramar huda ce da kan toshe da kanta, wata sai an yi aiki, kuma ba a son a makara. Ka koma asibitin koyarwa na Bauchi ka nemi a yi masa hoton zuciya, in an ba ku rana mai nisa ku zo Gombe mu gwada na tarayya. Kafin nan ku lura: in yana haƙi ko gumi wurin shan nono, ko leɓensa ya yi shuɗi, kada ku jira wata rana. Sai gwajin jini na tayirod, abin nan na wuya da in ya kumbura muke cewa maƙoƙo. In ba ya aiki sosai yaro sai ya yi ta barci, girma ya tsaya, alhali 'yar ƙwaya ce kullum take gyara shi. A duba ji da gani. Rigakafi kada a tsallake ko ɗaya. Zama da rarrafe da tafiya duk za su zo, a makare dai, wasu sai sun kai shekara biyu ko fiye kafin su taka. Masu gashin ƙashi za su nuna muku motsa jikin da za ku riƙa yi masa a gida. Zai san ku, zai yi magana, zai yi rigima, zai je makaranta in kun kai shi. Inda ake kula da su, da yawa suna kaiwa shekara sittin.

Saura maganar da ta fi hana ni barci. Na ji goggonku ta ce a danginmu ba a taɓa haifar irin wannan ba. Ka gaya mata, cikin ladabi, cewa a yawancin gidajen da aka haife su ma ba a taɓa yi ba. Mafi yawan lokaci ba gado ba ne, kuskuren rabo ne da ke faruwa tun kafin ciki ya zauna. Ba abin da yarinyar nan ta ci, ba fitar magariba ba, ba wanka a rafi ba. Gaskiya ne abin ya fi yawa in shekarun uwa sun ja, amma na karɓi haihuwarsu a hannun 'yan shekara ashirin. Akwai nau'i ɗan kaɗan da kan biyo jinin uwa ko na uba, gwajin kuromosom ne ke rarrabewa, ka tambayi likita inda ake yi kafin ku sake haihuwa. Duk wanda ya kira min jika ɗan ruwa a gidanka, kai za ka tare shi, kada ka bar wa mai jego. Ita yanzu aikin da ke gabanta ya ishe ta, yaron nan ba ya kama nono da ƙarfi, yana gajiya ya yi barci a kai, sai ta riƙa tashinsa tana ba shi kaɗan-kaɗan dare da rana. Ka tashi tare da ita ko da riƙe mata fitila ne.

Ranar Asabar in Allah ya kai mu zan shigo motar safe, in mun wuce Alkaleri zan kira ka ka tare ni a tasha. Zan taho da garin kunun kanwa da man shanu. Ka ajiye min katin asibitin da duk takardun da aka ba ku, ranar Litinin tare za mu koma wurin likitan. Ka ce wa angona ya shirya kuɗin cefane, amarya tana tafe.

Mahaifiyarka,
Dada