Ungulu ba ƙaura ta yi ba, kashe ta ake yi

Zuwa ga Shugaban Sashen Shirye-shirye,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa da fatan kana lafiya kai da ma'aikatanka, na rubuto ne a kan shirinku na rediyo na daren Talata, kuma ba zan ɓoye maka ba, raina ya ɓaci ƙwarai. Dattijon nan da ya bugo waya tambaya ya yi ta hankali: ina ungulayen da muka taso muna gani a kasuwa suka shiga? Maimakon a ba shi amsa, sai mai gabatarwa ya fashe da dariya ya ce ai ungulu ta koma gidanta na tsamiya. Baƙon da kuka gayyato kuma ya ɗora da cewa wai ƙaura ta yi, don garuruwa sun yi tsafta yanzu ba ta samun abin ci. Aka yi ta ƙyaƙyatawa, aka katse wa bawan Allah layi, aka saka talla.

Wace tsafta? Ranka ya daɗe, ka aiko wakilinku kwatar garinmu ranar kasuwa, ya tsaya bayan magudanar jini minti biyar idan zai iya. Abincin ungulu yana nan tuli. Ita ce babu.

Ni tsohon malamin dabbobi ne, aikin duba nama na yi a mayankun ƙasar Haɗejiya har na ajiye aiki. A da, kafin mu iso da asuba sun riga mu, suna jere a kan rufin kwano da kan kukar da ke bakin kwata. Mahauta na fara fiɗa sai su sauko, suna yawo tsakanin ƙafafun mutane kamar kajin gida, ba mai korarsu. Kashin tumbi da aka zubar, guntayen hanji, ɗan tayin da aka ciro a cikin saniya, huhun da na duba na ce ba za a sayar ba, duk kafin hantsi sun share. Akuya ta mutu a bayan gari, washegari ƙashi kaɗai za ka tarar. Yau fa? Karnuka da ɓeraye da ƙudaje ne suka gaji wurin. Mushe sai ya kwana uku yana kumbura a bakin hanya, yara na wucewa makaranta suna toshe hanci.

Kuma da idona na ga yadda aka ƙarar da su. Wasu mutane ne ke zuwa da buhuna, su sayi kayan ciki a hannun yaran mahauta, su barbaɗa musu maganin ƙwari na gona, su kai bayan katanga su ajiye. Ungulu ta ci, ba a jima ba sai ka ga ta kasa tashi, tana tangaɗi, wuyanta ya langaɓe, fuka-fukai a baje a ƙasa. Su bi su tsince, su sare kai da ƙafafu, wasu su tafi da ita ɗungurum. Rana ɗaya sai a kwashe abin da ya fi goma. Na yi magana, na kai ƙara wurin manyan mahauta, aka ce mini Malam ai ungulu ce, ba dabbar kowa ba ce. Wasu yaran ma ba su kuɗi ake yi su hau bishiya su ɗauko ƙwai. Duk wannan don a kai wa masu tsibbu, wai kanta maganin hauka ne, wai yana kawo farin jini, wai yana sa a ci caca ko a ci zaɓe. Ana kai su kasuwannin kudu, kuma a namu kasuwannin ma ka leƙa layin masu sayar da kayan magani za ka ga busassun kawunan a shimfiɗe.

Abin da baƙonku bai sani ba, ungulu ba zabuwa ba ce da za ta zuba ƙwai ashirin. Ƙwai ɗaya tal take yi a shekara, ta kwanta a kansa kusan kwana 50, sannan ta yi watanni tana ciyar da ɗan kafin ya iya tashi. Wanda ya kashe goma a wuni ɗaya, ka lissafa shekarun da ya rusa. Tsamiyar ma da mai gabatarwa ke wasa da ita, masu gawayi da masu itace sun sare manyan, to a ina za ta yi sheƙa?

Tun shekarar 2015 ƙungiyar duniya da ke lissafin halittun da ke neman ƙarewa ta sanya ungulun nan tamu ta kasuwa cikin rukunin da ke dab da ɓacewa baki ɗaya, tare da wasu manyan ungulayen daji na Afirka. A 2020 an kashe fiye da 2,000 da guba a ƙasar Gini Bisau, aka tarar da wasu da dama a cikinsu ba kai. Idan ƙaura ta yi, ina ta nufa, alhali can ma yanka ta ake yi? Mutanen Indiya sun ɗanɗana kuɗarsu. Maganin ciwo na diclofenac da ake yi wa shanu allura da shi ya kashe musu fiye da kashi 95 cikin ɗari na ungulayensu, don duk wadda ta ci mushen saniyar sai ƙodarta ta lalace. Sai a 2006 suka hana amfani da shi ga dabbobi, a lokacin karnukan titi sun riga sun cika ko'ina, cutar haukan kare ta yi ta ɗibar mutane.

Wannan shi ne abin da ke hana ni barci, don na san aikin. Cikin ungulu yana da tsamin da ke narkar da ƙwayoyin cututtuka masu yawa, har da na ciwon saifa da makiyaya ke tsoro. Kare kuwa ya ci mushe ya dawo cikin gida ya lashi kwanon abinci. Ko a 2023 sai da ciwon saifa ya ɓulla a wata gona a Suleja, hankalin kowa ya tashi. Allah ya ba mu mai share mana gari kyauta, ba albashi ba alawus, mun zuba ido ana sayar da kanta, ku kuma kuna dariya a gidan rediyon da mahauta da mafarauta da makiyaya ke saurare. Mutumin da ke barbaɗa gubar nan idan ya ji shirinku, cewa zai yi ashe ba laifi nake yi ba.

Ba a rasa masana ba a ƙasar nan. Akwai cibiyar binciken tsuntsaye ta Leventis a Laminga kusa da Jos, tana nan tun 2001, ta yaye ɗalibai da yawa, ciki har da 'ya'yan Arewa masu jin Hausa. Akwai Gidauniyar Kare Muhalli ta Nijeriya, wadda ta daɗe tana zama da masu maganin gargajiya don su koma amfani da tsirrai su bar sassan ungulu. Ga ma'aikatan da ke ƙidayar tsuntsaye a fadamar Haɗejiya da Nguru da kuma Dagona, nan kusa da ku. Su za su gaya muku har gauraka, da ake kira tsuntsun ƙasar Nijeriya, yanzu sai ka sha wuya kafin ka gan ta a fadama, sai dai a gidan masu hali an datse mata fiffike. Me ya hana ku kira ɗaya daga cikinsu? Me ya hana ku kira malamin addini ya faɗa wa jama'a hukuncin kashe rai a banza don tsafi, tunda kowa ya san hadisin matar da ta shiga wuta saboda kyanwa?

Ina roƙonku ku maimaita shirin nan, ku nemo dattijon da kuka katse ku ba shi haƙuri. Ku buɗe layi kowa ya faɗi garin da yake da kuma ranar da ya ga ungulu ta ƙarshe, ku rubuta ku miƙa wa masu ƙidaya, don ba za a iya kare abin da ba a san inda ya rage ba. Asabar ta farko a watan Satumba ita ce ranar ungulu ta duniya, ku yi amfani da ita. Ku kuma tambayi hukuma ina dokar kare namun daji masu neman ƙarewa ta 1985, wadda aka yi wa gyara a 2016, don ni dai a kasuwarmu ban taɓa ganin an tsare mai buhu ko ɗaya ba.

Sai kuma maganar farashin dabbobi na kasuwar Maigatari da kuke karantawa. Kasuwa na ci ranar Alhamis, ku sai Litinin kuke kawo farashin, kuma kun mayar da shi daidai lokacin da ake kiran sallar Magariba. Wa zai ji? Ku dawo da shi safiyar Juma'a yadda yake a da, don masu kiwo da dillalai da shi suke lissafi.

Wassalam.

Naka mai saurare kullum,
Tsohon malamin dabbobi, daga ƙasar Haɗejiya