Buɗaɗɗiyar wasiƙa ga malamin da ya tambaya kan zanen Ayuba na William Blake

Malam, bayan gaisuwa. A gaban jama'a ka tambaye ni yadda za ka gane ko hoton Ayuba cikin jarrabawa da ke hannunka bugun asali ne na Blake ko kwafi. Amsar tana jikin takardar.

Blake mai zane ne ɗan Ingila. A 1823 wani mai zane, John Linnell, ya ba shi aikin sassaƙa labarin Ayuba na Littafi Mai Tsarki a faranti 21 na jan ƙarfe, aikin ya fito a 1826, shekara ɗaya kafin rasuwar Blake. Naka shi ne na 6: Shaiɗan tsaye a kan Ayuba yana tsiyaya masa maruru daga wata 'yar kwalba, kibau huɗu a ɗaya hannun, matar Ayuba a durƙushe wajen ƙafafunsa, gashi ya rufe mata fuska, rana tana faɗuwa. A gefen ƙasa akwai karyayyar sandar makiyayi da fasasshen tulu.

Da ƙarfe mai tsini aka yanka kowane layi a jikin farantin. Sai a cusa tawada cikin ramukan, a goge saman fes, a ɗora takarda mai danshi, a bi da su ta injin matsi. Takardar ce ke shiga rami ta tsotso tawadar. Shi ya sa layin bugun asali yake da ɗan tudu.

To, ka kashe fitilar ɗaki, ka haska tocila daga gefe, kusan a kwance da takardar. Layuka masu kauri za su yi 'yar inuwa. Ka kuma nemi sawun bakin farantin da ya lotsa takardar, wajen santimita 22 a tsawo, 17 a faɗi. Amma kada ka dogara da wannan sawun kaɗai, don ana iya ƙirƙirarsa. Abin da ba ya ƙarya shi ne madubin ƙara girma mai ninki 10. Duba gashin matar: a bugun asali kowane sili yana tafiya sumul, ya sirance a ƙarshe. In ka ga ɗigo-ɗigo jere kamar hoton jarida, kwafi ne, magana ta ƙare.

Ko ya tabbata na asali, da sauran rina a kaba. An buga saiti 315 a 1826, an sake buga 100 daga farantan nan a 1874, bayan mutuwar Blake. Kalmar "Proof" a ƙasa ta hannun dama alama ce ta bugun farko, sai dai rashinta bai kore shi ba, domin saiti 100 na 1826 ma ba su da ita. Nan sai masanin takarda. Farantan kansu suna gidan tarihi na British Museum a Landan.

Roƙona gare ka, kada ka manna masa salatif, kada ka goge shi da ruwa ko ka sa masa dutsen guga. Danshin damina ke jawo tabo ruwan tsatsa, rana kuma tana sa takarda ta yi ja ta riƙa karyewa. Ka ajiye shi a kwance tsakanin kwalaye biyu marasa asid, nesa da bango mai laima, har ya kai hannun mai gyara.

Na gode. A huta lafiya.