Wasiƙa zuwa ga Edita: Ɗan sitaj ya rubuta matsayin da aka ba shi a takarda

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon fili a jaridarku don mu yi magana da ƙannenmu masu karatun lissafi da sha'anin kuɗi, na makarantun da ke nan Maraɗi. Maganar a kan layi ɗaya ce cikin CV, inda mutum ke faɗin matsayin da ya riƙe a sitaj ɗinsa na farko, wato zaman koyon aiki a ma'aikata. Yaro ya yi wata biyu ko uku a banki ko a asusun ba da lamuni, aikinsa jera takardun masu neman bashi da shigar da faktir cikin kwamfuta, sai ka ga ya rubuta "analyste financier" (mai nazarin harkar kuɗi) ko "comptable" (kwantabul). Ba mugunta ke sa su ba. Aiki ya yi wuya, kuma abokai na ce musu kowa haka yake yi. Amma wannan layi ya fi hana aiki a kan ya samar da shi.

Abin da ke cikin takardar shaidar sitaj shi za ka kwafa. In an rubuta "stagiaire", kai ma shi za ka sa, ka ƙara sashen da aka ajiye ka: lissafi, lamuni, kes ko bincike. Sai sunan ma'aikatar, da gari, da watan farawa da na gamawa. Kada ka rubuta shekara kaɗai. Wanda ya shiga a Disamban 2023 ya fita a Janairun 2024, ya kuma rubuta "2023-2024", ya bar mai karatu yana zaton shekara ce ko fiye, alhali wata biyu ne. Ka kuma bambanta sitaj ɗin da makaranta ta tura ka don rubuta rahoto da wanda ka nema bayan ka karɓi difloma, domin masu ɗaukar aiki ba sa auna su da mudu ɗaya.

Inda abin ya fi ɓaci shi ne ranar ganawa. Matsayin da ka rubuta shi ke zaɓa maka tambayoyin da za a yi maka. Ka ce kai kwantabul ne, za a miƙa maka takardar bayanin asusu daga banki tare da asusun banki, mai lamba 52, na littafin kamfani, a ce ka daidaita su. Wanda ya taɓa yi ya san inda bambanci ke ɓuya: cek ɗin da aka ba mai kaya bai kai banki ba tukuna, kuɗin hidima da banki ya cire ba a shigar ba, kuɗin da abokin ciniki ya zuba kai tsaye ba wanda ya sanar. Ko a tambaye ka me ya sa asusun kes, mai lamba 57 a tsarin lissafin kamfanoni na SYSCOHADA da aka sabunta daga Janairun 2018, ba ya yiwuwa ya nuna an fitar da fiye da abin da ya shiga. Ko a ba ka faktir na jika 119 haɗe da harajin TVA na kashi 19 cikin ɗari, a ce ka ware harajin. Amsa jika 19 ce, kuɗin kaya jika 100. Wanda bai saba ba sai ya ɗauki kashi 19 na jimlar duka, ya samo sefa 22,610. Ɗan sitaj in ya yi wannan kuskure za a gyara masa, a ci gaba da hira. Wanda ya kira kansa kwantabul kuwa, daga nan sai a fara shakkar duk sauran abin da ya rubuta, har diflomar da ya samu da guminsa.

Ban da haka, masu aikin kuɗi a garin nan sun san juna. Shugaban reshen wannan banki da na wancan sun yi aji ɗaya ko suna haɗuwa a suna da ɗaurin aure, kuma kiran waya na minti biyu ya isa. Ko an ɗauke ka ma, akwai lokacin gwaji a kwantaragi, a cikinsa ake raba gari ba tare da dogon bayani ba. Akwai kuma sunaye biyu da ba a taɓa su ko da wasa: "expert-comptable" da "comptable agréé" na waɗanda ke cikin rajistar ONECCA, ƙungiyar ƙwararrun kwantabul ta ƙasa, ne kaɗai.

To, a ina mutum zai nuna ƙwazonsa? A layuka uku ko huɗu da ke ƙarƙashin matsayin. Nan ne da yawa ke cutar kansu ta ɗaya gefen, su rubuta "sitaj a banki" su yi shiru, kamar zaman benci suka je yi. Ka faɗi aikin da hannunka ya taɓa, da yawansa, da manhajar da ka yi amfani da ita, Excel ce ko Sage. Ka raba abin da ka yi da kanka, da wanda ka yi wani yana duba maka, da wanda ka zauna ka kalla. "Na shigar da faktir na masu kawo kaya" daban, "na taimaka wajen daidaita asusun banki na ƙarshen wata" daban, "na halarci zaman kwamitin lamuni" daban. Dukansu suna da daraja in gaskiya ne. Adadin da za ka sa ya fito daga littafin da kake rubuta aikin kowace rana, shi ya sa muke ba duk mai shiga sitaj shawarar ya sayi ƙaramin littafi tun ranar farko. Sunan abokin cinikin banki ko yawan bashinsa kuwa ba ya shiga CV, sirrin aiki ne, kuma mai ɗaukar aiki da ya gan shi zai san haka za ka yi da nasa.

Wasu sun koyi aikin ne a kantin wani Alhaji ko wurin kawunsu mai fatauci tsakanin Maraɗi da Katsina, inda babu wanda ya ba su matsayi. Wannan gogewa ce ta gaske, kada a ji kunyar ta. Ka rubuta abin da ya dace da aikin, kamar mai taimakawa wajen riƙe littafin kes, ka nemi mai gida ya sa hannu a takarda mai hatimi da lambar NIF, wato lambar haraji, ta kasuwancin. In shi ne ya ɗora maka babban suna, yana kiranka daraktan kuɗi don kai kaɗai ne mai boko a wurin, ka bar wannan suna a kanti. Mai nema a Najeriya ko a ƙungiyoyin agaji masu karɓar takarda da Ingilishi ya sa "intern", kada fassara ta ƙara masa girma.

Muna da kira ga shugabannin bankuna, asusun lamuni da ofisoshin lissafi. Takardar shaida mai layi biyu, wadda ta ce wane ya yi sitaj a wurinmu kawai, ita ke barin yaro yana cike gurbi da abin da ya ga dama. A rubuta masa sashe, da ranar shiga da ta fita, da ayyuka uku ko huɗu da ya yi, da sunan wanda ya kula da shi da lambar ofis da za a iya kira. A kuma ba shi ita a makon da ya gama, tun kafin wanda ya kula da shi ya manta ko a yi masa canjin wuri zuwa Yamai ko Damagaram.

Mun gode, Allah ya ƙara wa jarida albarka.

Daga wasu ma'aikatan lissafi,
Maraɗi.