Awa 30 a shekara ba ta isa shaidar ƙwarewar mai gyaran ƙashin baya ba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ina neman ɗan fili in yi magana a kan abin da ya shafi 'yan'uwanmu mazauna Birtaniya, musamman masu aikin ƙarfi irin su direbobin tasi, masu ɗaukar kaya da masu jinyar tsofaffi. Ciwon baya da na wuya ya zama ruwan dare a cikinmu. Layin ganin likita a asibitin gwamnati kuwa dogo ne, sai mutum ya gaji da jira ya ciro kuɗinsa ya tafi wurin masu gyaran ƙashin baya da hannu, waɗanda ake kira kayirofrakta. Zai kwanta ya miƙa wuyansa a murɗa, hankalinsa kwance saboda ya ga takardar rajista a bango. Tambayata ita ce: wa ke tabbatar da cewa mai wannan takarda har yanzu ya iya aikin?

Dokar da majalisa ta yi a 1994 ce ta kafa hukumar GCC mai kula da wannan sana'a, kuma laifi ne mutum ya kira kansa da sunan sana'ar ba tare da rajista ba. Wannan ya yi kyau. Sai dai abin da ake nema daga mai rajista don ya ci gaba da aiki bai taka kara ya karya ba: awa 30 na ƙarin ilimi a shekara, aƙalla 15 daga ciki tare da wasu, sannan ya rubuta abin da ya koya ya aika wa hukumar. Yawanci shi ke zaɓar darasin, shi ke ba da rahoton kansa. Ƙa'idojin nan tun 2004 aka kafa su.

Me hakan ke haifarwa? Mutum yakan koma ne wurin abin da ya riga ya iya kuma yake jin daɗinsa. Wanda ya ƙware a murɗa wuya zai sake zuwa taron murɗa wuya, ya cika awanninsa, alhali rauninsa yana wani wuri dabam, wato gane majinyacin da bai kamata a taɓa shi ba sam.

A watan Agusta na 2017 wani dattijo mai shekara 80 ya je wurin kayirofrakta a birnin York saboda ciwon ƙafa. Ana cikin yi masa aiki wuyansa ya karye. Aka ɗauka shanyewar ɓarin jiki ce ta same shi, aka ɗaga shi daga gadon aiki aka zaunar da shi a kujera, ba a tsare wuyan ba. Washegari ya rasu a asibiti. Bayan zaman binciken musabbabin mutuwar a 2019, jami'in da ya jagoranci zaman ya rubuta wa GCC yana neman a duba batun wajabta horon taimakon gaggawa, da batun ɗaukar hoton ƙashi kafin a fara aiki. Abin da ya fi tayar mini da hankali ke nan: sai da aka rasa rai kafin a tsaya a tambayi ko mai murɗa wuyan mutane ya san abin da zai yi idan wuyan ya samu matsala a hannunsa. Hukumar ta amsa, ta sa masu rajista su mai da hankali kan taimakon gaggawa a ƙarin iliminsu, kuma ta cancanci yabo a kan haka. Amma rubuta bayani a takarda daban, durƙusawa a gaban mai horarwa ka nuna yadda za ka riƙe kan mutum kada ya motsa daban.

Ba sai an je nesa neman abin koyi ba. Tun 2012 likitocin Birtaniya ke sabunta izinin aikinsu duk shekara biyar, kuma kowace shekara wani likita yana zama da su ya duba aikinsu. Ma'aikatan jinya da ungozomomi sun bi sahu a 2016, duk shekara uku, har da gabatar da ra'ayoyin da aka bayar a kan aikinsu. Ostiyofat, masu gyaran ƙashi da tsoka da hannu waɗanda sana'arsu ta fi kowace kusa da wannan, sun koma tsarin awa 90 cikin shekara uku tun 2018, kuma dole abokin sana'a ya zauna da mutum su tattauna aikinsa kafin a rufe zangon. A duk waɗannan akwai ido na biyu.

Wannan ido na biyu nake roƙon a shigar cikin tsarin GCC. A bar awannin yadda suke, amma a sa wani ƙwararre ya riƙa duba bayanan majinyatan mai rajista, ya ga ko yana tambayar tarihin ciwo yadda ya kamata, ko yana lura da alamun haɗari kamar jiri, sabon ciwon kai mai tsanani, mutuwar hannu ko ƙafa, ko kasa riƙe fitsari, kuma ko yana tura irin waɗannan asibiti nan take. Taimakon gaggawa kuma a riƙa gwada shi a aikace lokaci zuwa lokaci. Na san da yawansu su kaɗai suke aiki a ƙananan wurare, kuma wannan zai ci musu kuɗi da lokaci. Amma kaɗaicin nan shi ne babban dalilin dubawar, domin babu abokin aiki a ɗaki na gaba da zai ce musu sun kauce.

A Najeriya hukumar MRTB, wadda aka kafa a 1988, ita ke yi wa masu wannan sana'a rajista tare da likitocin gashin ƙashi. Zan so wakilinku ya je ya tambaye ta abin da take dubawa kafin ta sabunta lasisin mutum, ku kawo mana amsar a wannan shafi.

Na gode.

Mai karatunku,
daga Manchester, Ingila