Saƙa ta riƙe ni, ga jarrabawar Shahada ta matso

Assalamu alaikum Hajiya,

Ina gaishe ki da aiki, Allah ya saka miki da alheri bisa shawarwarin da kike ba mu a wannan fili. Ni 'yarki ce mai shekara 19, ina ajin ƙarshe na sakandare a Gadarif, ƙasar Sudan. Asalinmu mutanen garin Mai Wurno ne da ke nan Sudan, amma a Wad Madani aka haife ni. Can muke har watan Disamba na 2023 da yaƙi ya iso garin, muka gudo nan wurin Gwaggona.

Tun ɓarkewar yaƙin a Afrilun 2023 aka rufe makarantu, muka fi shekara a gida. A wannan zaman ne Gwaggo ta ga tunani na neman cinye ni, ta miƙo mini kwarashi da zare, ta koya mini hular saƙa, farar nan da mazan Sudan ke naɗa rawani a kanta. Daga hula na wuce safar jarirai, rigar sanyi, har shawul na goyo. Hajiya, ba zan ɓoye miki ba, saƙar nan ta rufa mana asiri. Ranaku da yawa da kuɗinta muka sayi gawayi da garin kisra (wata irin gurasa ta mutanen Sudan), lokacin da Baba ba ya samun komai.

To yanzu an koma makaranta, saura wata 3 mu zauna jarrabawar Shahada, wato ta kammala sakandare a Sudan, ni kuwa akwai ayyukan saƙa 5 a ƙarƙashin gadona, kowanne a ledarsa, babu wanda na gama. Uku daga ciki na riga na karɓi kafin alƙalami ta Bankak (manhajar tura kuɗi ta waya), kuɗin kuma tuni sun shiga tukunya. Ga shi darajar fam, kuɗin Sudan, kullum faɗuwa take, abin da aka ba ni a lokacin ba zai sayi rabin ulun da ya rage ba.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne rigar sanyin ɗan maƙwabciyarmu. Tun tana da ciki ta ba ni aikin, shuɗin ulu ta zaɓa da kanta. Yau yaron yana rarrafe, rigar kuwa hannu ɗaya gare ta, ko na gama ba za ta shige shi ba. Matar ba ta taɓa yi mini magana ba, sai dai ta ce, "Ya karatu, 'yata?" Wallahi da ta zage ni da ya fi mini sauƙi. Idan na hango ta a bakin famfo sai in canja hanya.

Na gwada haɗa biyun. Da dare idan an ɗauke wuta nakan jingina waya a jikin kofi, hasken na kan littafin kemistiri, kwarashi na hannuna. Sai ƙirgen saƙar ya ɓace mini, da safe in warware layi goma, abin da na karanta kuma ko kalma bai zauna ba. Gwajin lissafi na ƙarshe ban kai rabin maki ba, ni da ban saba wuce ta uku a aji ba.

Inna ta ce in tattara komai in kulle a akwati sai bayan jarrabawa, mai haƙuri ya jira. Gwaggo ta ce a'a, alkawari kaya ne, in fara sauke na mutane. Ni dai burina in shiga Jami'ar Gezira da ke Wad Madani in karanci aikin likita idan Allah ya mai da mu gida, kuma na san wurin nan maki mai yawa yake so. Amma ina tsoron in tafi ɗakin jarrabawa da haƙƙin mutane a wuyana.

Hajiya, yaya zan yi? In je in same su ɗaya bayan ɗaya in nemi su ɗaga mini ƙafa, ko in ranto kuɗi in mayar musu? Idan mayarwa ce, adadin da na karɓa zan ba su, ko abin da zai sayi irin ulun a yau? Sannan da wane baki zan fara yi wa maƙwabciyar nan magana?

Ina jiran amsarki. A taya ni da addu'a.

'Yarki, daga Gadarif