Buɗaɗɗiyar wasiƙa zuwa ga Darakta Janar na Hukumar Abinci da Aikin Gona ta Majalisar Ɗinkin Duniya

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, na rubuto maka ne a kan ma'aunin da hukumarka ta FAO ke amfani da shi wajen cewa wuri daji ne. A ma'aunin nan, duk filin da ya wuce rabin hekta, yake da itatuwan da suka haura mita 5, kuma rassansu suka rufe fiye da kashi 10 cikin 100 na wurin, ya zama daji, in dai ba gona ko cikin gari ba ne. Da shi rahotonku na 2020 ya ce duniya na da daji hekta biliyan 4.06, kusan kashi 31 cikin 100 na doron ƙasa. Lissafin yana da amfani, ban musa ba. Damuwata ita ce sama kawai yake kallo, alhali a dazuzzuka da yawa, musamman na ƙasashe masu sanyi, galibin nau'o'in tsirrai ba itatuwa ba ne. Ciyayi ne da furanni da ƙananan tsiro da ke gindinsu.

Su kuwa waɗannan ƙananan, rayuwarsu tana hannun duk tsiron da ya mamaye wurin. Shi ke raba haske. A kurmin da rassa suka haɗe, abin da ke isa ƙasa na hasken rana bai wuce kashi 1 zuwa 2 cikin 100 ba. Shi ya sa a dazuzzukan Turai da Arewacin Amurka, inda itatuwa ke kaɗe ganye lokacin hunturu, wasu furanni ke gaggawar fitowa su yi huda kafin sabon ganye ya toshe musu rana. 'Yan makonnin nan su ne duk damarsu a shekara. A dasa itacen da ba ya kaɗe ganye a wurin, sai su ɓace ba wanda ya sare su.

Bayan haske akwai ganyen da ke zuba. Wani yana ruɓewa da wuri ya zama taki, wani kuma yakan taru ya yi kauri har irin da ya faɗi ya kasa taɓa ƙasa, kamar yadda ake gani a gonakin itacen fayin, mai siraran ganye kamar allura. Saiwoyin manya suna riga na ƙanana shan ruwa. Wasu ma guba suke saki: baƙin itacen walnot na Arewacin Amurka yana fitar da sinadarin juglone da ke hana tsirrai da dama girma kusa da shi.

Kuma mai mamayar ba lallai ya zama dogon itace ba. Rhododendron ponticum, wani ƙaramin itace mai furanni da aka kai Birtaniya a ƙarni na 18 don ado, yanzu ya cunkushe gindin dazuzzuka a Sikotland da Wales har 'ya'yan itatuwan asali ba sa samun tsirowa. Lantana, ita ma ƙaramar bishiya mai furanni, ta yi irin wannan ɓarna a dazuzzukan Indiya. Daga tauraron ɗan'adam, duk waɗannan wurare kore ne shar, kuma a littafinku daji ne lafiyayye. Wannan ne ke ci mini rai.

Ba ina cewa babban itace abokin gaba ba ne. Inuwarsa ke riƙe danshi, akwai kuma tsirran da ba sa rayuwa sai a ƙarƙashinta. A dajin da ke da itatuwa iri-iri masu shekaru daban-daban, in tsoho ya faɗi haske kan shigo, irin da ya daɗe a kwance ya tashi. Matsalar tana zuwa ne in nau'i ɗaya, mai shekaru ɗaya, ya riƙe wuri gaba ɗaya.

Abin da ya sa maganar ta zama ta gaggawa shi ne alkawuran dashe. Yarjejeniyar Bonn ta 2011 tana neman farfaɗo da hekta miliyan 350 kafin 2030, kuma hukumarka na cikin masu jagorantar shirin Majalisar Ɗinkin Duniya na farfaɗo da muhalli daga 2021 zuwa 2030. Gwamnatin da ke son cika alkawari cikin sauƙi za ta jera itacen turare ko na roba layi-layi, ta kai muku adadi. Irin wannan daji inuwar giginya ce, na nesa ka sha: ana yaba shi a taron ƙasashe, gindinsa kuwa fayau.

Na san rahotanninku suna ware dajin da aka dasa daga wanda ya tsiro da kansa, kuma na yaba. Amma babban adadin da jaridu da ministoci ke ɗauka ya haɗe su duka. Saboda haka ina roƙonka, a rahoto mai zuwa ku nemi ƙasashe su kawo bayanin tsirran gindin daji daga filayen gwaji da masu binciken gandun daji ke aunawa, da kuma faɗin wuraren da nau'i ɗaya ya mamaye, na dashe ne ko baƙon tsiro. A buga wannan a shafi ɗaya da adadin hektoci, don duk wanda ya ɗauki ɗaya ya ga ɗayan.

Na gode da sauraro.

Naka cikin girmamawa,
Wani mai kishin daji