Kada a ɓoye tarihin shaye-shaye na gida kafin tiyatar rage ƙiba

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Ka ba ni fili in ja hankalin masu shirin tiyatar rage ƙiba. Kafin aikin, likitan halayyar ɗan Adam kan tambaya ko akwai mai shaye-shaye a gidanku. Kunya kan sa a ce babu, kuma wannan kuskure ne babba.

Tarihin uba ko ɗan'uwa ba ya hana aikin. Abin da ke sa a ɗage shi, majiyyacin da kansa ya kasance yana shan ƙwaya ko giya a lokacin. Amma ga dalilin da ya sa ya kamata likita ya san tarihin. Bayan tiyatar karkatar da hanji, wato ɗaya daga cikin nau'o'in tiyatar rage ƙiba, tumbin da ya rage kusan mililita 30 ne kacal. Giya na shiga jini da sauri, haɗarin kamuwa da ita kuma yakan ƙaru a shekara ta biyu bayan aikin. Ga batun maganin ciwo: ibuprofen da diclofenac kan jawo gyambon ciki, shi ya sa ake komawa ga irin su tramadol. Likitan da ya san tarihin zai fara da paracetamol, ya taƙaita kwanakin shan ƙwaya mai ƙarfi, ya matso da ranakun bibiya.

A faɗa wa likitan wane ne mai shaye-shayen a gidan, me ya sha, na tsawon wane lokaci.

Naka,
Mai karatu daga Kaduna